Takalmi Ruwan Hanta

A gidan Seyni mai gyaran babura, can cikin Dosso, ba a taɓa kai ɗinki waje ba. Matarsa Gambi ta gaji keken ɗinki daga uwarta, ita kuma ta ɗora 'yarta Zalika a kai tun ƙafarta ba ta isa feda ba. Yarinyar ta taso da hannu, har tana neman fin uwar.

Da bikin ƙawarta ya matso, aka raba atamfar anko, ruwan hanta mai ratsin zinare. Zalika ta yanka tata da kanta. Ta tsuke ƙugu, ta saki hannu, ta tsayar da rigar daidai idon sawu.

"Ke, yadin ne ya ƙare?" in ji Gambi.

"Inna, in na rufe ƙafar, wa zai ga takalmin?"

Takalmin kuwa ya ba ta wuya. Ta bi rumfa-rumfa da ƙyallen atamfar a hannu, wannan ya cika ja, wancan ya cika duhu. Sai a kasuwar Gaya ta same shi, ruwan hanta sak, mai tsini, kamar tare aka rina su.

Da almuru ta dawo. Kaji sun shige akurki, Gambi tana haɗa kwaɗon zogale, ladan yana gyaran murya. Zalika ta sa riga, ta sa takalmi ko bisimilla babu, ta jingina madubi a gindin tsohon gawon da ke tsakar gida. Ta shiga kai da kawowa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Magariba ce fa! Ki shigo, ba a yanga a gaban itace a wannan lokaci."

"Sau ɗaya kawai, Inna."

Iska ta ɗauke. Ko ganye bai motsa ba, amma wani dutse ya sauka a kan kwanon ɗaki, wani ya biyo shi. A cikin ɗaki, inda babu kowa, keken ɗinki ya fara tafiya shi kaɗai. Gambi ta juya ta dubi 'yarta. Zalika tana nan tana takawa, idonta a kan ƙafafunta, tana wata dariya ƙasa-ƙasa da Gambi ba ta taɓa jin ta a bakinta ba.

Daga ranar takalmin ya ƙi fita. Seyni ya ja, ya sa manja, ya sa wuƙa, wuƙar ta karye. Da rana ƙafafun Zalika a mace suke, sai an ɗauke ta. Amma da an kira magariba sai jifa ya fara, ta miƙe tsaye cak, ta yi ta zagaya gawon har jini ya cika takalmin. Ƙafar ta kumbura, ta fara baƙi daga yatsu. A asibiti aka ce in baƙin ya haura idon sawu, sai yanka.

Gambi ta daina ci. Takan rungume ƙafafun ta yi ta kuka tana cewa, "Ya Allah, ka ɗauki nawa, ni na gama tafiyata."

Seyni ya je ya ɗauko Alfa Tinni, wani tsohon malami mara yawan magana. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin gawon kafin rana ta faɗi, ya sa aka kwantar da yarinyar a gabansa, ya fara karatu a hankali. Duhu na sauka, karatun na nauyi. Can sai Zalika ta yi ƙara, ta tashi zaune, muryar wata babbar mace ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Alfa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ni ce mai itacen nan, tun ba a kafa gidan ba. Ba ta yi min komai ba. Nuna min ta yi. Ina son biki, Alfa. Ina jin kalangu daga nan, sai dai in leƙa ta katanga. Na taɓa shiga, yara suka ga kofatona, suka bi ni da jifa. Sai ga wannan ta zo har ƙofata tana taka min ƙafa mai kyau. Ku riƙe sauran jikin. Ƙafafun kawai nake so."

"Ba naki ba ne. Ki fita, ko in ci gaba."

"Ci gaba. A ƙafar nake zaune. In na ƙone, tare za mu ƙone."

Alfa ya dakatar da karatun, Seyni ya dafe kai. A nan ne Gambi ta rarrafo, ta durƙusa a gaban 'yarta, wadda ba 'yarta ba.

"Baiwar Allah, ki ji ƙaina. Ƙafa kike so, ko shiga biki kike so? Zan ɗinka miki riga mai sharar ƙasa, wadda ko iska ba za ta ɗaga ba. Ga atamfata ta anko, ko almakashi bai taɓa ta ba. Ki sakar min yarinya."



"In ta gaza ko da yatsa ɗaya, na dawo," in ji muryar. "Don haka ki auna ni da hannunki, daga kafaɗa har ƙasa."

Alfa ya ce, "Gambi, ki sani, hannun da ya taɓa aljanu ba ya komawa yadda ya je."

"Alfa, hannu biyu gare ni. 'Ya ɗaya gare ni."

Ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce ta, sannan ya ce wa Gambi ta rufe ido. Ta yi bisimilla, ta miƙa hannun dama cikin duhun gindin gawo. Ta ji kafaɗa, can sama da kanta, mai sanyi kamar gindin randa. Ta bi da taƙi tana saukowa, tana saukowa, har tafinta ya sauka a kan wani abu mai tauri, rabe biyu. Abin yana makyarkyata. Gambi ta gane kunya ce, ba fushi ba.

Ta hau keke ba ta sauka ba sai da wata magaribar ta kewayo. Sanyi na hawa hannun tun daga yatsu, tana tura yadin da wuyan hannu, daga baya da gwiwar hannu. A bakin rigar ta ninka yadi, ta jera ƙananan tsakuwa a ciki don nauyi. Kalmasar ƙarshe da haƙori ta ja zaren.

Alfa ya rataye rigar a reshen gawo. Ladan ya kira salla. Jifa bai zo ba. Sai kawai suka ji ƙwas, ƙwas: takalman sun faɗo daga ƙafar Zalika, ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙafata na ciwo." Wallahi ba a taɓa murnar ciwo irin ta ranar ba. Da suka ɗaga kai, reshen ba komai.

Ranar biki Zalika ta je da silifan roba, tana ɗingishi, bayan ta ɗaura wa uwarta kallabi, don hannun Gambi na dama bai sake riƙe ko cokali ba. Gab da magariba kiɗa ya yi daɗi, sai ga wata doguwar baƙuwa cikin anko a tsakiyar fili, tana juyi kamar wadda ta shekara ɗari tana jira. Mata suna ta tambayar juna wane tela ne ya yi wannan aiki.

Gambi ba ta kalli fuskar ba. Bakin rigar ta bi da ido, juyi bayan juyi, yana sharar ƙasa. Sannan ta jawo mataccen hannunta ta ɗora a cinya.

"Tsawon ya yi," in ji ta.