Hannun da Ya Ƙi Taɓa Baba Ya'ƙub

A cikin mikrobas, ƙaramar bas ta haya mai zuwa unguwar Abbasiya, Isufu ya fara ganin Ilham. Yana rungume da ƙashin baya na roba, wanda makarantarsu ta koyon gyaran ƙashin baya da hannu ta wajabta wa ɗalibai. Direba ya taka birki, ƙugun robar ya soki kafaɗarta.

"Wayyo!" ya ce a firgice.

Ta juyo, jin Hausa. "Malam, gawar wa ka ɗauko?"

"Ma'alish, yi haƙuri, kayan karatu ne."

"To, Mai Ƙashi, riƙe ɗan'uwanka da kyau."

Sunan ya bi shi. Shi ɗan Damagaram ne mai haya a Madinat Nasr. Ita Bahaushiyar Sudan ce mazauniyar unguwar Arba wa Nus, tana aiki a wani kantin magani a Dokki, kusa da makarantarsa. Hanya ɗaya ke wahalar da su kullum: mikrobas, jirgin ƙarƙashin ƙasa na metro, canjin jirgi a tashar Attaba cikin turereniya. A metro takan shiga taragon mata, sai waya ta zama wurin zancensu.

"Mai Ƙashi, ka sami wurin zama?"

"A tsaye nake, sanyin idona. Ina koyon gyaran bayan mutane, nawa yana lalacewa."

Makarantar ba ta da sassauci. Da zarar malami ya shiga aji ake rufe ƙofa, kuma an riga an yi wa Isufu gargaɗin ƙarshe: in ya sake makara, ba zai zauna jarrabawar bana ba. Duk ɗalibin da ya taɓa majinyaci ba a gaban malami ba kuwa, kora ce.

Ranar da ya je gaishe da mahaifinta, ya tarar da Baba Ya'ƙub kishingiɗe, ciwon baya ya hana shi miƙewa sosai.

"An ce kai ne mai gyaran baya. Yalla, ɗana, danna mini nan ya yi ƙara, in huta."

Da tsohon ya yunƙura, Isufu ya lura da yadda yake jan ƙafar hagu.

"Baba, ka gafarce ni. Ban isa ba tukuna. Sai an ɗauki hoto, malami ya duba."

"Baya ka ƙi taɓawa, amma 'yata kake so a ba ka? Muhannad, ɗan ƙanena, yana da mota, kuma ba ya ƙyamata. Khalas, magana ta ƙare."

Saƙonta ya riske shi a hanya: "Ka kunyata ni. Dannawa kawai, Isufu?"

"Na fi son ya tsane ni yana tafiya da ƙafarsa, da ya so ni yana kwance."

Kwanaki ya yi yana hango ta a tasha, tana shiga taragon mata ba waiwaye.

Sai ya nemo wa tsohon gurbi a asibitin makarantar, ya je har Arba wa Nus da sassafe.

"Baba, hannuna bai ƙware ba, amma zai iya riƙe ka zuwa wurin wanda ya ƙware."

Da ƙyar Ilham ta shawo kan mahaifinta. Aka kira Muhannad, ya ce motarsa ba ta shiga cunkoson safe.

Tafiyar ta yi muni. Mikrobas ya tsaya cak a gada, Isufu ya dunƙule jakarsa ya tokare wa tsohon baya, yana kallon lokaci yana guduwa. A Attaba ya juya wa jama'a baya, ya ware hannuwa ya kare shi, gwiwar hannu da kwali suna sauka a haƙarƙarinsa. Da ya yi gudu da ya isa aji, amma Baba Ya'ƙub ba ya hawa matakala sai da hutu, shi kuma bai sake hannunsa ba.

"Kullum haka kuke yi?" tsohon ya tambaya yana haki.

"Kullum, Baba."

Sun iske ƙofar aji a rufe. Isufu ya roƙi mai kula da ɗalibai, mutumin ya ɗaga kafaɗa. "Ma'alish. Sai baɗi."

Baba Ya'ƙub yana tsaye yana ji. Bayan an duba shi, an ce masa bayan nasa ba na dannawa ba ne, ya fito ya sami Isufu zaune a matakala.

"Shekara guda ka zubar saboda tsohon da ya kore ka."

"Zan maimaita, Baba."

"Ba kai kaɗai ba. Turo magabatanka."

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a Arba wa Nus. Tsohon ya kama hannun angon na dama, ya ɗora a kafaɗarsa. "Allah Ya sa albarka a hannun nan, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai."

Shekarar ba ta dawo ba, hanyar ma ba ta ragu ba. Sai dai da safiyar komawarsa aji ɗaya da ƙannensa na makaranta, Ilham ta ƙyale taragon mata, ta shigo nasa, ta karɓi ƙashin robar daga hannunsa.

"Matsa, Mai Ƙashi. Tare za mu tsaya."