Magariba a Bakin Tafkin Clinton

Ni da abokina Ubale mun yi alkawari: in mun fita yawon keke, ba mai barin wani. Wata rana muna zagaya tafkin Clinton, tayata ta yi faci kusa da wani tsohon gidan tarihi. Ya ce bari ya nemo famfon buga iska. Shiru har magariba.

Na tayar da salla ni kaɗai. Sai aka dafa kafaɗata za a bi ni jam'i, hannun jiƙe, sanyi ƙalau. Na ɗaga murya, aka amsa "Amin" da muryar Ubale. Har na ji kunyar zarginsa.

Ina sallamewa saƙonsa ya shigo: "Yi haƙuri Abdussalam, duhu ya yi, na wuce gida, Wheaton."

A bayana aka ce, "Rabu da shi, liman. Mu ba ma tafiya."