Wadda Ta Amsa Kira a Ɗakin Ajiya

A duk gidan tela babu inda sabis yake kamawa sai ɗakin ajiya na can ƙurya, inda aka jibge matattun kekunan ɗinki da buhunan ƙyallaye. Nan 'yarsa Auta ta share gefe guda, ta kafa teburi, ta ɗora kwamfutarta. Karatun jami'a take yi ta intanet, tana shekarar ƙarshe, kuma ita ce ta farko a zuriyarsu da ta kai nan. Darasin ƙididdiga ne ya tsaya mata a wuya. Ta faɗi, ta maimaita, ta sake faɗuwa, har makaranta ta ce in ta ƙara, sai dai ta kama gabanta. Shi ya sa a gidan ko tsintsiya ba a aikenta ta ɗauko.

Lakcaran kuwa sai gab da magariba yake buɗe aji, ga shi da tsaurin tsiya. Sau ɗaya yake kiran suna, in bai ji "na'am" ba, to ba ka zo ba ke nan. Inna tun suna ƙanana ta hore su kada su amsa kiran da ba su ga mai yin sa ba, balle da almuru. To amma ya za a yi da karatun da gaba ɗayansa muryar wanda ba a gani ce?

Wani yammaci sabis ya ɗauke ana tsaka da kiran suna. Hoto ya daskare. Auta tana ta danne-danne, sai ta ji an kira ta a hankali. Ta yi wuf ta ce, "Na'am, ina nan!" Sai da ta rufe baki ta lura abin sauraren nata yana kan teburi, ba a kunnenta ba. Daga bayan buhunan muryar ta fito.

Tun daga ranar ba ta sake tsallake ƙofar ɗakin da son ranta ba. In Inna ta ja ta zuwa banɗaki, sai ta sandare kamar itace, duwatsu su fara sauka a kan kwanon gidan, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har sai an maido ta kan kujera. An leƙa rufin, ba a ga ko tsakuwa ba. Da rana ta faɗi, akan ji muryoyi biyu a ɗakin suna bitar karatu, ɗaya ta Auta, ɗaya ta tsohuwa. Yarinya ta rame, idanunta suka faɗa, ta daina ce wa kowa sannu.

Sai dai makinta ya fara hawa. Aikin da take kwana biyu tana kuka a kansa, yanzu kafin shayi ya huce ta gama. Lakcara har misali yake ba wa 'yan aji da ita. Allah ya yafe wa tela, don da ya ji haka sai ya fara jan ƙafa. Yau ya ce malamin ruƙiyya ya yi tafiya, gobe ya ce aiki ya yi masa yawa. Ana gobe jarrabawa Inna ta tsaya a gaban kekensa.

"Malam, 'ya kake so ko takarda?"

Tela ya tsayar da keken. Ya ajiye almakashi ya fita, da ya dawo yana tare da mai ruƙiyya.

Dattijo ne marar hayaniya. Ya yi sallama a bakin ɗakin, ya zauna a ƙasa, ya fara karatu. Gari ya yi tsit, ko kukan kaza babu. Can sai kan Auta ya juyo a hankali, bakinta ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"Ya isa haka, kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me ta yi miki?"

"Tun kafin a yi wa ɗakin nan rufi nake ciki. Ba wanda ya taɓa yi mini magana sai ɓeraye. Sai ga yarinya ta kawo mini makaranta har gida. Tana gyangyaɗi, ni ina saurare. Na kira ta, ta amsa. Ni ban yi mata dole ba."

"Ba ke ta amsa wa ba. Fita za ki yi."

Ta yi wata 'yar dariya, ta dubi tela. "Kai nake yi wa magana, uban yarinya. Bar ni zuwa gobe da azahar kawai. In rubuta mata jarrabawar, ta fi kowa, sannan in tafi. In kun kore ni yau, da abin da na koya zan tafi. Ba zan bar mata ko alif ba."

Tela ya sunkuyar da kai. Wallahi har leɓensa ya motsa.

Mai ruƙiyya ya ce, "Wanda ya ba ta gobe, jibi ma za ta nema. Amma 'yarka ce, kai za ka faɗa."

Inna tana kuka ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa. Tela ya ɗago kai ya ce, "A fitar da ita."

Karatu ya ci gaba. Duwatsu suka zubo a kan kwano kamar za su ɓarka shi, sannan suka tsaya cak. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale daga kan kujera. Inna ta tare ta, tana shafa mata ruwa a fuska, tana hamdala.

Da ta farfaɗo ta tambayi ko wace rana ce. Aka gaya mata. Ta rarrafa ta buɗe kwamfuta, ta ga ayyukan da aka tura da sunanta, da makin da aka ba ta, da yabon lakcara. Ta bi su shafi bayan shafi. Ko layi ɗaya ba ta gane ba.

Inna ta kwashe labari duka ta faɗa mata, har da cinikin da aljanar ta nema. Tela ya matso kusa da ita.

"Uwata, kin kuɓuta. Taso mu fita daga ɗakin nan."

Auta ba ta tashi ba. Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi.

"Baba, kwana ɗaya fa ta ce. Da kun bari."