Kurkunun Ƙafar Lantana

Hure ta shigo tsakar gida ta tarar da ɗanta Mani a durƙushe, ƙafar matarsa Lantana a kan cinyarsa, yana naɗe kurkunu a tsinke a hankali.

"Kai Mani! Mi nika gani haka? Maza na gona, kai kana nan riƙe da ƙahwar mace?"

"Inna, abin ga sai a sannu. In ya tsinke, ƙahwar ta lalace."

"Ƙahwar ta ɗauke ta ta kai ta gidan ubanta! Tun da kunka bi masu majami'a kunka bar tsahin gida, ai ga abin da Doguwa ta yi."

Zamanin kumandan ne, Baturen mulkin Faransa, a Dogon Dutsi, Kiristocin garin ba su cika tabarma biyu ba. A gabansu Mani ya yi wa Lantana alkawarin zama da ita cikin lafiya da ciwo, kuma da gaske yake. Sai dai mutumin naku bai iya jure dariya ba. Ƙannensa suka sa masa suna "ungozoma", matan rijiya suna ganinsa sai guɗa. Ranar da Hure ta fashe da kuka ta ce ya kunyata ta, ya ɗora Lantana a jaki ya nufi Kiyeshe, garin iyayenta, da ita.

"Kwana kaɗan ne, har a ƙare noma," ya ce, idonsa a ƙasa.

Lantana ta share hawaye. "Wa za ya yi mini shi a sannu kamar kai?"

Ya juya da jakinsa ya koma gida. A can wata gwaggonta mai gaggawa ta fizgi tsutsar, ta tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. Mani ya ji labari, kunya ta hana shi zuwa, kullum gobe. Haba Mani!

Sai da aka yanke gero ya je. Lantana ta fito tana jan ƙafa, gwiwar ta sandare har abada. Ya zube ƙasa yana kuka kamar yaro.

"Lantana, ni na yi miki wanga. Ki gahwarta mini."

"Na gahwarta tun kan ka zo. Kullum sai na roƙi Yesu kar zuciyata ta sandare kamar ƙahwar. Tashi, mutane na kallo."

"Su kalla!"

Ya dawo da ita gida. Da tsufa ya kwantar da Hure, gurguwar nan ce ta yi jinyarta, har tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce, "Ɗiyata, na cuce ki."

Sun zauna lafiya, sun haifi 'ya'ya. Amma duk Lahadi, in ta tsaya hutawa a hanyar majami'a, Mani yakan juyar da kai ya goge ido. Wanda ya bar masoyinsa don gudun dariyar mutane, ya sani dariya takan wuce, ɓarnar kuwa da ita za su tsufa.