Taswirar Ikrima

Ranar kasuwar Shanono Zakiyya ta fara ganin Ikrima, kuma in za a faɗi gaskiya ba fuskarsa ta fara kallo ba, wayarsa ta kalla. Caji ta kai rumfarsa, irin rumfar nan mai farantin sola a kan rufi. Shi kuwa mai rumfar ya duƙufa a kan gem, wato wasan waya, ko sallamarta bai ji ba.

Ta leƙa. Wani mutum ne a allon wayar ya lafe a bayan katanga, mai gadi yana tahowa da fitila.

"Kada ka fita," ta ce, bakinta ya riga hankalinta. "Ka ƙirga bakwai, zai juya."

Ikrima ya ƙirga. Mai gadi ya juya. Sai a lokacin ya ɗago ya ga budurwa cikin hijabi ruwan toka, kunya ta kama ta har tana neman hanyar gudu.

"Baiwar Allah, a ina kika san Katanga?"

Katanga shi ne sunan da samarin yankin suka raɗa wa wannan gem, don sunansa na Turanci ya fi ƙarfin harshensu. Gem ne na sanɗa: ka shiga wani tsohon gari ba tare da an gan ka ba, ka ceto wanda aka tsare. Zakiyya ta koye shi a wayar ƙawarta lokacin da take karatun koyarwa a Kano. A gidansu da ke Unguwar Marke babu wanda ya sani, don 'yar Malam Abdulmumini ce, mai makarantar allo, mutumin da ko darar tsofaffi ba ya so a yi a ƙofar gidansa.

Ikrima ɗan Ɗambatta ne, shekararsa ɗaya da rabi a Shanono. Bayan caji, yana yin 'yan bidiyoyi da Hausa yana kwatanta gem da gem. Kafin wata biyu ya fara zuwa zance bayan la'asar, kuma rabin zancen nasu gardama ce.

Da sabon gem ya fito, wanda samari suka sa wa Takun Kyanwa, ya turo mata saƙo:

"Malamata, garin dai shi ne na Katanga, sun sake gina shi. Amma masu gadin nan ba irin na da ba ne. Na da kamar shanun huɗa suke, layi ɗaya kullum. Waɗannan suna jin motsi, suna canza hanya. Sau tara suna kama ni. Ke kaɗai kika fi su iya kama ni."

Ta amsa: "Kai dai ba ka da haƙuri ne, Mai Caji. Ni tsohon na fi so, ya fi amana. Amma sunayen wuraren nan na Turanci suna rikita ni. Ka yi min bayani yadda zan gane."

Wannan roƙon nata shi ya jawo komai. Ikrima ya sayi littafin rubutu, ya zana taswirar garin gem ɗin sau biyu, tsohon a shafin hagu, sabon a dama. Don ta gane, sai ya sa wa kowane wuri sunan abin da ta sani. Hasumiya ta zama "masallacin Marke". Ɗakin ajiya ya zama "rumbun Malam". Babban gida ya zama "gidan Mai Unguwa". Ya yi jan gicciye a duk inda mai gadi yake, ya rubuta lokacin juyawarsa. Wayo ne na masoyi, kuma wauta ce ta wanda bai tsaya ya dubi shekarar da ake ciki ba.

Domin a shekarar nan tsoro ya zauna a ƙauyukan yankin. An kore shanu a ƙauyen da ke gaba da su, an ɗauke mutum biyu a gona da rana tsaka. Kowa ya yarda 'yan bindiga ba sa shigowa sai da ɗan gari mai kai musu rahoto. Baƙo ya tambayi hanya sau biyu, sai a fara kallonsa.

Malam Abdulmumini dama bai so zancen ba. Ya faɗa wa Inna Kaltume, mahaifiyar Zakiyya: "Ƙato da gemu yana wasan yara a waya? Kuma ba mu san asalinsa ba. Ga Tasi'u nan ɗan gida, yana tsaron gari." Tasi'u yana cikin 'yan sa-kai, ya daɗe yana son Zakiyya, ita kuwa gaisuwa kawai ke tsakaninsu.

Ranar wata Talata da hantsi, Zakiyya tana aji tana koya wa 'yan aji uku lissafi, sai ƙawarta Aina'u ta faɗo ba sallama.

"Zakiyya, an kama Ikrima! Littafi ya faɗo daga babur ɗinsa, Tasi'u ya tsinta. Wai taswirar garinmu ce da wuraren da 'yan sa-kai ke tsayawa. Suna ƙofar gidan Mai Unguwa, an ce shi ne infoma!"

Allin da ke hannunta ya faɗi. Ta san abin da ake yi wa wanda aka kira da wannan suna, wani lokaci tun kafin hukuma ta iso. Ta san littafin, don nata ne, ya sha nuna mata shi a wajen zance, yau zai kawo mata. Kuma ta san in ta buɗe baki, duk garin zai ji 'yar Malam tana buga gem tana musayar saƙo da saurayi a kai.

Ta ɗauki wayarta ta fita da gudu.

Ƙofar gidan Mai Unguwa ta cika. Ikrima yana zaune a ƙasa, an ɗaure hannunsa ta baya da igiyar akuya, leɓensa ya fashe. An fasa wayarsa a wajen kamu. Samari riƙe da gora sun kewaye shi, wasu suna cewa a daina ɓata lokaci. Mai Unguwa Sama'ilu yana kan kujera da littafin a hannu, Malam Abdulmumini yana gefensa, don shi aka kira ya karanta.

"Karo na ƙarshe," in ji Mai Unguwa. "Ka ce wasa ne, ka ce wani ka zana wa. Wane ne?"

Ikrima ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, gem ne wallahi. Amma ba zan faɗi suna ba."

Hayaniya ta tashi. Wani ya ɗaga gora.

"Ni ce!"

Muryar ta fito siririya. Mutane suka dare. Zakiyya ta durƙusa a gaban Mai Unguwa, ba ta yarda ta kalli mahaifinta ba.

"Baba Mai Unguwa, ni ya zana wa. Ba garinmu ba ne. Gari ne na cikin waya, ya sa masa sunayenmu don in gane."

"Zakiyya, tashi ki tafi gida," in ji Ikrima a hankali. "Don Allah."

Tasi'u ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Soyayya ce ke magana. In gaskiya ne, ta nuna mana."

Ta buɗe Takun Kyanwa. Har sau biyu tana kuskuren dannawa. Dattawa suka matso, kawuna suka haɗu a kan ɗan allon. Malam ya karɓi littafin, ya karanta daga shafin dama da muryar da babu komai a cikinta: "Bayan rumbun Malam, mai gadi ɗaya."

Ta kai mutumin nata bayan ɗakin ajiya. Babu kowa.

Ta jira. Babu kowa. Sai ga masu gadi biyu da kare sun ɓullo ta wata hanya dabam, suka cafke shi. Allon ya yi ja.

"Kun gani!" Tasi'u ya ɗaga murya. "Bai yi daidai ba! A bayan rumbun Malam na gaske kuwa mutum ɗaya muke ajiyewa!"

Zakiyya ta ga an fara jan Ikrima ta wuyan riga. Hawaye ya rufe mata ido, ta ji kamar ita ce ta ɗaure shi da hannunta. Ta buɗe baki addu'a ta ƙi fitowa, sai sunan Allah kawai take maimaitawa. A cikin wannan ruɗu ne gardamarsu ta wata guda ta faɗo mata.

"Ku tsaya! Baba Mai Unguwa, don girman Allah ku tsaya! Wasan biyu ne. Wannan sabo ne, masu gadinsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, kowane shiga da yadda suke yi. Baba, ka duba ƙasan shafin, ya rubuta."

A karo na farko ta kalli mahaifinta. Malam ya kai yatsa ƙasan shafin, ya karanta: "Waɗannan ba su da tabbas, kada ki dogara da gicciyen."

"To ku koma shafin hagu," ta ce. "Tsohon ba ya canzawa. Duk abin da Baba ya karanta, in bai faru ba, ku haɗa da ni."

Ta buɗe Katanga. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan kaji a cikin gida.

"Ƙofar masallaci, masu gadi biyu, ɗaya da fitila," Malam ya karanta.

Ga su nan, biyu, ɗaya da fitila.

"A ƙirga bakwai, mai fitila zai juya."

Mai Unguwa da kansa ya ƙirga da ƙarfi. A kan bakwai mai fitila ya juya. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah!"

Haka suka bi shafin layi bayan layi, rijiya, rumbu, gidan Mai Unguwa mai hawa uku da tuta a kai. Mai Unguwa ya dubi allon, ya waiwaya ya dubi gidansa na ƙasa, ya ce, "To ni dai ban san ina da bene ba." Dariya ta ɓarke, irin dariyar mutanen da suka tsorata da abin da suka kusa aikatawa. Gorori suka sauka. Tasi'u ne da kansa ya kwance igiyar, ya kasa haɗa ido da kowa, ya ce, "Ka yafe ni. Tsoro ne, da kuma abin da ke raina."

Malam Abdulmumini bai yi dariya ba. Ya miƙa littafin, ya kama hanyar gida.

Kwana uku bai yi wa Zakiyya magana ba. Ta daina cin abinci, ko takunsa ta ji a tsakar gida sai gabanta ya faɗi. Ikrima ya ari waya ya turo mata: "Zakiyyata, kin saya min raina da sunanki. Ko Baba ya hana ni ke, ba zan daina yi miki addu'a ba." Ta karanta ta kife wayar.

A rana ta huɗu bayan azahar Malam ya kira ta zaure, Inna Kaltume na zaune a gefe. Zakiyya ta durƙusa tana jiran hukunci.

"Wasan nan dai ban so shi ba, kuma har gobe ba na so," ya ce. "Kin ɓoye min abu, wannan ya yi min ciwo."

"Ka yafe ni, Baba."

"Na yafe. Amma ki ji abin da ya hana ni barci. Tun kafin ki zo nake wurin. Sau huɗu aka tambayi yaron nan suna, an mare shi a gabana, yana ganin gora a kansa. Kalma ɗaya zai faɗa ya tsira, sunanki. Ni ina zaune ina karanta abin da zai kashe shi, shi kuwa yana rufa wa 'yata asiri." Ya ɗago ya dube ta. "Na ce ban san asalinsa ba. Yanzu na sani. Ki ce ya turo manyansa."

Zakiyya ta kifa kai a cinyar Inna ta fashe da kuka, Inna tana shafa bayanta ita ma tana share ido.

Bayan an gama girbin dawa aka ɗaura aure a masallacin Marke. Motoci biyu suka zo daga Ɗambatta, Mai Unguwa ya karɓi waliccin ango don ya wanke abin da ya faru a ƙofar gidansa. Da aka shafa fatiha, Malam Abdulmumini ya riƙe hannun Ikrima ya daɗe bai saki ba.

"Na ba ka ita, ɗana," ya ce. "Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, Ya ba ku zuri'a mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan."

Duk masallacin ya amsa da amin, kuma muryar ango ce ta fi rawa.