Mai Kashe Kwamfuta da Magariba

Magariba ta kawo jiki, Auta tana ɗakin baya tana buga aikinta na kammala makarantar jinya, sai kwamfutar ta mutu. Fitila tana ci, fanka tana juyawa, ita kaɗai ta yi ɗif kamar an zare filogi. Da aka kunna, babi uku sun salwanta. Sunayensu suna nan, ciki babu komai.

Yayanta mai gyaran kwamfuta ne. Tsarin da ya saka mata irin na kyauta ne, wanda kowa ke iya buɗewa ya gyara, amma ya bar faifan ajiyar kwamfutar a tsohon shiri, wanda in wuta ta tsinke ana tsakiyar ajiya sai komai ya rikice. Kunya ta kama shi. Ya sake shirin faifan, yadda kafin na'urar ta ajiye abu sai ta fara rubuta niyyarta a wani ɗan kundi. In ta faɗi, da ta tashi sai ta duba kundin ta daidaita kanta.

Washegari a daidai wannan lokaci ta sake mutuwa. Aka kunna, aiki yana nan. Kwana huɗu ana haka. A na biyar aka fara jifa. Duwatsu suna sauka a kan rufin ɗakin baya kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kuma babu kowa a waje. Mama ta daina shanya a bayan gida. A na shida suka tarar da Auta zaune a ƙasa ta juya wa allon kwamfutar baya, tana dariya da muryar da ba tata ba.

Baba ya ɗauko wani dattijon malami, abokinsa. Ya zauna a bakin ƙofa yana karatu, har muryar ta yi ƙara.

"Wane ne kai?" in ji malamin.

"Na riga ku zama a ɗakin nan. Tun tana rarrafe take zuwa tana surutunta, ni nake saurare. Yanzu ta shigo, ko kallon kusurwata ba ta yi. Sai wannan akwati! Na kashe shi, ta yi kuka, na zaci ta dawo gare ni. Sai wancan ya koya masa tashi."

Idanun Auta suka juya kan Yaya. Ya manne da bango.

"A fitar da akwatin in sake ta," in ji muryar.

"Ba za a fitar ba," in ji malamin. "Yarinyar nan fa? Ba taka ba ce, kuma ba ta taɓa sanin kana nan ba."

Sai muryar ta yi laushi.

"Ba ta sani ba?"

"Ko sau ɗaya."

"To, ta yi mini magana sau ɗaya da bakinta, tana sane. Sai in tafi."

Malamin ya amince. Auta ta sulale, ta buɗe ido tana neman ruwa. Mama ta rungume ta, ta gaya mata abin da ake so. Auta ta dubi kusurwar ɗakin.

"Sai wata ra..."

"A'a!" malamin ya katse ta. "Kada ki yi masa alkawarin wata rana."

Auta ta sake duban kusurwar.

"Ka sauka lafiya," ta ce.

Labulen taga ya ɗaga waje, alhali babu iska, sannan ya sauka.