Ranar da Lorna Ta Ce wa Mijinta Masoyi

"Kar ka juyo, Baba. Tayar da mota."

Bakin bindigar ya taɓa ƙeyar Delbert Haugen kafin ya gama ɗaura bel. Ƙarfe sha ɗaya na safe ne, a wani gidan mai a arewacin Texas. Su uku suka faɗo cikin motar-gidan, irin mai ɗaki da banɗaki a ciki, ta ƙofar gefe — ɗaya da bindiga, ɗaya da jaka, ɗaya da baki.

"Sai na zagaya na duba tayoyi," in ji Delbert. "Ba na tashi ban duba ba."

"Tuƙa!"

Matarsa Lorna ta ajiye kofinta. "Shekara arba'in da uku ina ce masa haka, ɗana. Ba ya ji."

Mai bakin shi ne oga, Royce. Ƙaton da ke riƙe da bindiga Wade. Mai jaka kuwa Siriri suke ce masa, ya rungume ta kamar za a ƙwace. Kantin zinare suka fasa a garin da ke baya, suka yar da motarsu a bayan gidan man. Ko mil biyar ba a yi ba Royce ya fara yabon kansa, don irinsa ba ya iya yin dabara ya yi shiru.

"Wata uku ina tsara wannan, maza. Afrilu ne. Duk tsohon da ya gudo kudu saboda ƙanƙara yanzu ya ɗauko gidansa a kan taya zai koma arewa. Dubbai, duk farare, duk suna rarrafe. Wane ɗan sanda ne zai tsaya binciken kakarsa?"

Abin haushi, gaskiya ya faɗa. A kan iyakar Oklahoma suka tarar da shingen 'yan sanda. Royce da Siriri suka cusa kansu a banɗaki, Wade ya durƙusa bayan labule, bindiga a haƙarƙarin Delbert. Ɗan sandan ya kalli furfura biyu, ya kalli taswirar jihohin da suka liƙa a jikin motar, ya kalli ƙaramar motar da suke ja a baya.

"Gida za a koma, Kaka?"

"Dakota," in ji Lorna, "in wannan mutumin ya yarda mu isa kafin sanyi ya dawo."

Ya yi dariya ya ɗaga musu hannu.

Da rana aka sa Lorna ta haɗa musu burodi da nama. Tana yanka tumatir ta ji Wade na raɗa, raɗar ƙato, wadda ake ji daga ƙarshen mota.

"Oga, sun fa ga fuskokinmu."

"Gobe. In mun shiga Kansas akwai hanyoyin gona da ba kowa."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta kalli ƙeyar mijinta, mutumin da bai taɓa gano safarsa da kansa ba, wanda ta yi ta alkawarin shaƙewa tun suna samari. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ashe ba ta yarda wani ya taɓa shi ba.

Ƙarfe uku daidai Delbert ya kunna sigina.

"Ina za ka, tsoho?"

"Zango. Ba ma wuce uku a kan hanya."

"Wuce!"

"To. Amma mun kama wuri tun Janairu, kuma ayarinmu na can. In ba su gan mu ba zuwa huɗu, sai sun kira kowane asibiti daga nan zuwa Kanada. Ka taɓa ganin tsofaffi suna tuƙi bayan faɗuwar rana?"

"Shi da ko da rana ba ya gani," in ji Lorna.

"Wa ya ɓatar da mu a San Antonio?"

"Taswirar ce ta tsufa, kamar mai ita."

Royce ya dafe kai. Awa huɗu ke nan yana shan wannan. "Ya isa. Ku saurara da kyau. Za mu kwana a zangon. Kaka, ke za ki fita ki nuna masa wuri, kamar yadda na ga ana yi. Wade na bayansa. Kika gudu, ya mutu. Kika ɗaga murya, ya mutu. Ba faɗa, ba jan hankali. Ki yi murmushi, ki yi masa magana mai daɗi irin ta tsofaffin kirki. Kin gane?"

Lorna ta dube shi. A hankali ta ce, "Na gane, ɗana."

Abin da Royce bai tsara ba a wata ukun nan shi ne wannan: motoci shida ne ke tafiya tare duk shekara, zango zuwa zango, kuma babu abin da suke jira kamar isowar su Haugen. Da an hango motarsu sai a fito da kujeru. Delbert zai ja da baya, Lorna na daga baya tana wurga hannuwa tana kiransa kurma, shi yana leƙo kai yana tambayar hagun wa take nufi. Sai ya gwada sau bakwai, sau tara, wani lokaci har ya kwashe famfon ruwan zangon. Wilma, wadda ta shekara talatin tana amsa waya a ofishin 'yan sanda kafin ta yi ritaya, ita ke riƙe agogo.

Yau ma kujeru na jere, kowa da abin shansa. Lorna ta sauka ta kwance ƙaramar motar a bakin layi, ta bar makullin a jiki kamar yadda ake yi in ana jan ta. Ta tsaya a bayan motar-gidan. Ta buɗe baki da fara'a, yadda kowa zai ji.

"Taho a hankali, masoyina."

Motar ta yi turus. A madubi ta ga idon Delbert. Daƙiƙa biyu, uku. Sai ya leƙo.

"Haka ya yi, zuciyata?"

"Ɗan hagu kaɗan, abin ƙaunata. Kai, ka iya tuƙi."

"Ai ke ce kin iya nuni."

Ya shiga wurin a karo ɗaya, tsaf.

Ba wanda ya yi motsi. Wani tsoho ya cire hularsa kamar an yi rasuwa. Kofin Wilma ya tsaya tsakanin cinya da baki.

"Lorna, za ku fito hira ƙarfe huɗu?"

"Yau kam a'a, Wilma. Muna so mu ɗan keɓe, ni da angona."

Wilma ta yi murmushi ita ma, ta shige motarta ta ja ƙofa.

"Ina so a turo mota uku, ba jiniya," ta ce wa ofishin 'yan sanda a waya. "An yi garkuwa da mutum biyu."

"Kin ga makami, Mama?"

"Na ga abin da ya fi makami. Yi sauri, yarinya, na zauna a kujerar nan kafin a haife ki."

Da Lorna ta koma ciki, Royce ya miƙe ƙafa. "Kun gani? Ko kallonmu ba a yi ba."

Siriri ne bai yarda ba. Ta gefen labule ya ga tsofaffi na naɗe kujeru, abin shansu ko rabi bai yi ba. Ya ga wata motar-gida ta gitta hanyar fita, wai ta mutu, maza huɗu sun kewaye ta suna ba da shawara. Ya tuna ƙaramar mota da makulli a jiki, da kuma ciyawar da za a iya bi ta gefe. Ya shiga ɗakin baya da jakarsa, ya zame ta taga.

"Oga — jakar!" in ji Wade.

Royce ya yi tsalle ya fita. Wade ya kalli Delbert, ya kalli ƙofa, ya kalli rabonsa na gudu a kan ciyawa — ya bi su! Lorna ta banko ƙofar ta danna sakata, ta ja mijinta ƙasa.

Siriri ya faɗa motar ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru!

"Fito, munafuki!" Royce ya daka masa tsawa.

Wade ya buɗe wuta. Tau! Tau! Gilashi ya tarwatse. Siriri ya faɗo waje riƙe da kafaɗa, sarƙoƙi suka watse a tsakuwa. Ta bayan bishiyoyi 'yan sanda suka ɓullo — "Ajiye bindiga! Kwanta!" Wade ya harba ɗaya a makance, ya yar da ita ya ɗaga hannu. Royce ya nutse ƙarƙashin motar-gidan su Haugen, daidai inda harsashin Wade ya huda tankin banɗaki. Kwana tara Delbert bai zubar da shi ba, don yana jiran zangon da ake yi kyauta.

Da kansa oga ya rarrafo ya miƙa hannu. Sai da 'yan sanda suka yi gardamar motar wa zai shiga.

Abin da aka tashi da shi ke nan: Siriri a asibiti da ankwa, hannunsa na dama ba zai ƙara ɗaukar jaka ba. Wade na ta zuba sunaye tun ba a tambaye shi ba. Royce, mai dabarar wata uku, an wanke shi da tiyon wanke mota a gaban tsofaffi goma da suka maido da kujerunsu.

"Me ya hana motar tashi?" babban jami'in ya tambaya.

Delbert ya zaro wani ɗan fis na wutar motar daga aljihun rigarsa. "Ina cire shi in za mu ja ta, kar batir ya mutu. Ita ta ce ɓata lokaci ne."

Shi da Lorna suna zaune a matakalar motar, bargo ɗaya a kafaɗunsu. Da mutane suka ragu Delbert ya yi gyaran murya, bai dube ta ba.

"Abin nan da kika ce ɗazu. Da gaske ne, ko don su Wilma?"

"Saura ɗan yatsa ka kwashe famfon mutane, kurma kawai."

Ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta. Ita kuwa har rana ta faɗi ba ta saki hannun rigarsa ba.